Jirgin Ruwa Zai Yada Zango A Jidda Na Yini Ɗaya: Yaya Za A Tsara Yinin?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar riɗi da ke cin kasuwar Shuwarin a ƙaramar hukumar Kiyawa, ya aiko mana da takarda yana cewa ɗansa da ke aiki a Masar ya yankar musu tikiti, shi da maiɗakinsa, a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido. A takardar tafiyar an rubuta cewa jirgin zai tsaya a Jidda daga ƙarfe 8 na safe zuwa ƙarfe 6 na yamma. Ya ce ya taɓa sauke farali ta jirgin sama, amma bai san komai a Jidda ba sai filin jirgi. Yana so a faɗa masa abin da ya kamata su gani a cikin garin, kuma ko zai yiwu su je Makka su yi Umra su komo kafin jirgin ya tashi.

AMSA: To, Alhaji, mun gode da wannan takarda, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Kafin mu zo ga tambayarka, bari mu ɗan yi wa sauran masu sauraro bayanin irin wannan jirgi, don da yawa ba su san shi ba.

Wannan jirgi ba na dakon kaya ba ne, ba kuma irin wanda mutum ke shiga don ya ƙetara ruwa kawai ba ne. Masauki ne sukutum a bisa ruwa, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da kantuna, da ɗakin shan magani. Da dare yana tafiya, da safe ya wayi gari a wata tashar, fasinjoji su sauka su zaga gari, da yamma su komo ya ci gaba. Ɗaya daga cikin mafiya girmansu, wanda ake kira Icon of the Seas, ya fara aiki a 2024, tsawonsa mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata. Wato mutanen wani babban ƙauye ke nan a cikin jirgi guda.

A Saudiyya abin sabo ne. Sai a 2019 ƙasar ta fara ba da bizar yawon buɗe ido. A 2021 ta kafa kamfanin Cruise Saudi don kula da wannan harka, kuma a shekarar ce wani babban jirgi mai suna MSC Bellissima ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda yana zagaya Bahar Maliya. A watan Disamba na 2024 Saudiyya ta fito da nata jirgin mai suna Aroya, mai ɗaukar fasinja fiye da 3,000. Sai dai daga ƙarshen 2023, saboda hare-haren da 'yan Huthi na Yaman suka riƙa kai wa jiragen ruwa, kamfanoni da dama sun soke ko sun canza hanyarsu a Bahar Maliya. Saboda haka, Alhaji, ka sa ɗanka ya sake tabbatar da jerin tashoshin daga bakin kamfanin idan ranar tafiya ta matso, don kyaftin yana da ikon tsallake tasha idan ya ga hatsari ko iska ta yi ƙarfi.

Jirgi ba ya jira

Abu guda da muke so ka riƙe daga duk wannan amsa shi ne: wannan jirgi ba ya jiran kowa, don haka lissafin yinin daga lokacin komowa ake fara shi, ba daga lokacin fita ba.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san halin motar kasuwa. Ranar Litinin a Shuwarin, idan ka tsaya ciniki har direba ya ƙosa, kana iya aika yaro ya ba shi haƙuri, ko ɗan kamasho ya riƙe maka shi na ɗan lokaci, in ma ta tafi ka bi ta baya. Jirgin ruwa ba haka yake ba, kuma ba don rashin tausayi ba ne. Wurin da yake tsayawa a tasha haya ce, an ƙayyade masa lokaci, wani jirgin yana jiran wurin. Bakin tekun Jidda cike yake da duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, sai da jagora na tashar ake shiga ake fita, shi da ƙananan jiragen da ke jan babban duk an ba su lokaci. Sa'an nan gobe da safe ana jiran jirgin a wata tashar. Idan ya yi latti sai ya ƙara gudu, ƙarin gudu kuwa ƙarin mai ne na maƙudan kuɗi. Kyaftin ba zai tsayar da mutum dubbai saboda mutum biyu ba.

Yanzu mu yi lissafin tare. A takarda, daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 6 awa 10 ke nan. Amma ƙarfe 6 lokacin tashi ne, ba lokacin shiga ba. Galibi ana so kowa ya kasance cikin jirgi aƙalla rabin awa kafin tashi, wato ƙarfe 5 da rabi. Mai hankali kuma zai ƙara wa kansa awa guda saboda cunkoson motoci da bincike a ƙofa, ya ce ƙarfe 4 da rabi yana bakin tasha. Da safe kuma ba da jirgi ya tsaya ake fita ba. Sai jami'an shige da fice sun gama aikinsu, an bi layi, an hau bas ɗin da ke fitar da mutane, domin tashar Jidda tashar kaya ce mai faɗi, ba a barin fasinja ya yi ta yawo a ƙasa a cikinta. Ka ɗauka sai ƙarfe 9 da rabi za ka ga kanka a waje. Daga 9 da rabi zuwa 4 da rabi awa 7 ne. Cire awa guda na salla da abinci, saura 6. To, waɗannan awa 6 su ne jarinka, ba 10 ba.

Akwai kuma maganar agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, Masar kuma tana da nata lokacin, har ma takan canza shi a watannin zafi. Jirgi yana da lokacin da yake aiki da shi, wanda ake rubutawa a takardar da ake rabawa ɗakuna kowane dare, ana kuma kafa shi a allo a bakin ƙofar fita. Wayar hannu takan canza lokaci da kanta, ko ta ƙi canzawa ba ka sani ba. Ka ɗaura agogon hannu, ka daidaita shi da na jirgi kafin ka taka ƙasa, ita ma Hajiya ta yi haka.

Takardu tun daga gida

Tikitin jirgi ba biza ba ne. Kowace ƙasa da jirgin zai tsaya tana da ƙa'idarta, kuma ƙa'idar da ta shafi mai fasfon Najeriya ba lalle ta zama ɗaya da ta maƙwabcinka Bature ba. Ɗanka ya tambayi kamfanin, a rubuce, irin bizar da ake bukata ga mai fasfon Najeriya a kowace tasha, da kuma ko wannan bizar ta ba ka damar fita kai kaɗai har zuwa Makka. Ana yin Umra da bizar yawon buɗe ido, amma ba a yin aikin Hajji da ita. Fasfonku ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, ku kuma riƙe katin rigakafin cutar shawara, domin Saudiyya tana nemansa ga wanda ya fito daga Najeriya.

Goro a bar shi a gida. Hukumar alhazai ta sha yi wa maniyyata gargaɗi a kansa, kuma binciken da ake yi a tashar ruwa bai fi na filin jirgi sauƙi ba. Maganin da likita ya rubuta maka ka tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likitan. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko da na ɗan'uwa ne, in ba ka buɗe ka ga abin da ke ciki ba.

Maganar Umra

Daga Jidda zuwa Makka kimanin kilomita 80 ne, bai kai nisan Dutse zuwa Kano ba. Wannan ne ke sa mutum ya ga abin kamar wasa ne. To, amma mu auna. Daga ƙofar tasha zuwa Harami, da cunkoson fita Jidda da na shiga Makka, ka ba shi awa ɗaya da rabi, komowa ma haka. Awa 3 sun tafi. Ɗawafi, da sa'ayi wanda shi kaɗai tafiyar kimanin kilomita 3 ce tsakanin Safa da Marwa, da aski, za su ci awa 2 zuwa 3 ga mai ƙarfi a ranar da ba cikowa. Ka ga an kusa cinye duk lokacin. Idan watan azumi ne, ko Juma'a, ko kuwa Hajiya ba ta da saurin tafiya, lissafin ya rushe.

Akwai jirgin ƙasa mai gudu na Haramaini da aka buɗe a 2018, wanda ke haɗa Makka da Madina ta Jidda, yana kai gudun kilomita 300 a awa. Daga tasharsa ta Sulaimaniya a Jidda zuwa Makka kamar rabin awa ne. Amma sai ka ɗauki mota zuwa tashar, ka jira lokacin tashinsa, kuma tasharsa ta Makka a unguwar Rusaifa take, da sauran 'yan kilomitoci zuwa Harami. In aka haɗa, ribar lokacin ba ta da yawa. Madina kuwa, wadda ke nesa da Jidda da fiye da kilomita 400, ka cire ta daga lissafin wannan yini gaba ɗaya.

Amsar ke nan: Umra tana yiwuwa, amma ita kaɗai za ta cinye yinin, taura biyu ba ta taunuwa. Idan ita ka zaɓa, ka fara tambaya ko kamfanin jirgin yana shirya motar Umra. Amfanin bin motar kamfani shi ne, idan ta makara laifinsu ne, jirgi zai jira ko su ɗauki nauyin sada ku da shi. Wanda ya ɗauki motar haya da kansa kuwa, ya ɗauki alhakin kansa. Sa'an nan akwai maganar miƙati. Wanda ya taso daga Masar da niyyar Umra miƙatinsa Juhfa ne, kusa da garin Rabig, kuma jirgi zai wuce daidai wurin tun kafin ya iso Jidda, wataƙila cikin dare. Ka zauna da malaminka tun a gida ya yi maka bayani, ka kuma tambayi ma'aikatan jirgi lokacin da za a zo daidai wurin, kada ka jira a yi shela. Shawararmu dai, tun da ka riga ka sauke farali, Umrar da za a yi ana duban agogo gara a ware mata tafiyarta daban, a yi ta cikin natsuwa, a ba wa Jidda wannan yinin.

Abin gani a Jidda

Sa'ar da ka yi ita ce, abin da ya fi cancantar gani yana dab da tasha. Shi ne tsohon gari, wanda mutanen wurin ke kira Balad. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, a shekara ta 26 bayan Hijira, aka mayar da Jidda mashigar Makka ta ruwa. A farkon ƙarni na 16 aka kewaye ta da ganuwa saboda tsoron Turawan Fotugal, ganuwar ta tsaya har 1947 da aka rushe ta don gari ya faɗaɗa. A 2014 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya.

Wannan gari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, suna tafe suna noma da ƙodago shekara da shekaru ta Chadi da Sudan, daga Sawakin suka riƙa shiga ƙananan jirage su ƙetaro nan. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ma ta ruwa ya je aikin Hajji a 1921, bayan ya biya ta Ingila. Har yau akwai jikokin mutanenmu a Jidda, kada ka yi mamaki in ka ji Hausa a kasuwa.

Ka zaɓi abu uku kawai, duk a cikin Balad, duk ana zuwa da ƙafa. Na farko gidajen da kansu: benaye masu hawa uku, huɗu, har fiye, an gina su da dutsen murjani da aka haƙo daga bakin teku, da tagogin katako masu zane da suka turo waje, waɗanda ake kira rawashin. Aikinsu shigo da iska da kare matan gida daga idon masu wucewa. Mafi shahara shi ne Gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka lokacin da ya shiga Jidda a 1925. Matakalarsa tana da faɗi da kwanciya har ana cewa raƙumi kan hau da kaya. A ƙofarsa akwai wata tsohuwar bishiya da mutanen gari ke ji da ita, wadda a da ake kwatance da ita saboda ƙarancin itatuwa a garin. In ka ɗaga kai za ka yi dariya, domin darbejiya ce irin wadda ke ƙofar gidanka.

Na biyu Masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a garin. Ka shirya azahar ta same ka a can, ka haɗa salla da hutu da kallo. Na uku kasuwa: Kasuwar Alawi da ta ratsa tsakiyar Balad, inda ake sayar da turare, da kayan yaji, da dabino, da yadi, da kuma Babu Sharif wadda alhazanmu suka sani wajen sayen tsaraba. Ka sani shaguna da yawa sukan rufe da tsakar rana sai bayan la'asar su sake buɗewa, kuma ranar Juma'a da safe kusan komai a rufe yake. Saboda haka in akwai sayayya, a yi ta da hantsi.

Idan lokaci ya ragu, ka ɗauki mota zuwa bakin teku, wurin shan iska da suke kira Kornish. A can ne ake hango maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1985, mai cilla ruwan teku sama fiye da mita 250, ko da yake da dare ta fi kyau in an haska ta. Masallacin Rahma da aka gina a kan ruwa yana can arewa, da nisa daga tasha. Kada ka nufe shi bayan azahar. Ƙa'idar ita ce, wuri mai nisa da safe, wuri na kusa da yamma, yadda duk awar da ta wuce tana ƙara matso da kai kusa da jirgi.

Guzurin yini

Kafin ka fita ka tabbata kana da abu huɗu a aljihu: katin jirgi da aka ba ka ranar shiga, wanda shi ne mabuɗin ɗakinka kuma shaidarka a ƙofa, fasfo ko hotonsa, gwargwadon yadda jirgin ya ce, lambar wayar wakilin jirgi a tashar, wadda ke cikin takardar nan ta kowane dare, da takarda mai ɗauke da sunan tashar da sunan jirgin da Larabci, don nuna wa direba. Ita ma Hajiya ta riƙe nata daban, ku kuma yanke wurin haɗuwa in kun rabu.

Ba a karɓar naira. Riyal ake kashewa, kuma tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 ce, lissafin ba wuya. Ka riƙe canji ƙanana. Motar haya a yi ciniki kafin a shiga, ko ɗanka ya sa maka manhajar Uber ko Careem a waya, don kuɗin yana fitowa tun kafin a tashi. Zafin Jidda ba irin na Dutse ba ne, zafi ne mai gumi saboda teku, yana gajiyar da mutum ba ya ankara. Ku riƙe ruwa da laima da takalmi mai daɗin tafiya. Kada a ɗauki hoton tasha, ko 'yan sanda, ko ginin gwamnati, ko matan mutane. Tsaraba kuma a sayi abin da hannu zai ɗauka, domin komai sai an bincika shi a ƙofar jirgi, kuma daga baya jirgin sama zai auna shi.

Idan, Allah ya kiyaye, ka ga za ka makara, kada ka jira sai ka iso. Ka buga wa wakilin nan tun kana hanya. In jirgi ya riga ya tashi, wurinsa za ka je, don galibi a hannunsa ake barin fasfon wanda aka bari. Daga nan kuɗin masauki da na jirgin sama zuwa tasha ta gaba duk daga aljihunka ne, in kuma tashar a wata ƙasa take, ga maganar biza ta sake tasowa, kayanka kuwa suna can cikin ɗaki a tsakiyar teku. Awa gudan nan da muka ce ka ƙara wa kanka ita ce maganin duk wannan.

Sauran masu sauraro da ba su da niyyar hawa jirgin ruwa, wannan lissafi naku ne ku ma. Wanda ya kai shanu Legas yana jiran motar komowa, da wanda ya je Kwatano sarin kaya yana so ya ga teku kafin ya juyo, duk hanyar ɗaya ce: a fara sanin lokacin tashi, a cire awa guda, a zaɓi wuri biyu ko uku, a fara da na nesa, in an rikice a yi tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Alhaji, muna fatan ka gamsu. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya. In kun dawo ka rubuto mana abin da ka gano, don sauran masu sauraro su ƙaru.